Baitulmalin Umdurman da Mutanen da Suka Riƙe Daftarinsa

A wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa su zama kogi guda mai gangarawa Masar, akwai birane uku masu duban juna ta ƙetaren ruwa, wato Hartum, da Bahri, da kuma Umdurman a gaɓar yamma. Kuma ko da yake Hartum ce mazaunin hukuma tun zamanin Turkawa, in ban da zamanin Mahadiyya, Umdurman ce mutanen Sudan suke ɗauka garin kansu, saboda su suka kafa ta da hannunsu, babu baƙon da ya zana musu titunanta. Abin da aka fi ba da labari game da wannan gari shi ne yaƙi: yadda Muhammadu Ahmad ɗan Abdullahi ya bayyana da'awar Mahadiyya a tsibirin Aba cikin 1881, da yadda jama'arsa suka ci Hartum ran 26 ga Janairu 1885 suka kashe Gordon Basha, Baturen Ingila mai riƙe da birnin, da yadda Turawan Ingila suka dawo suka rushe daular a filin Karari. Amma daular da ta tsaya da ƙafarta shekara 13, alhali maƙiya sun tsare ta ta fuskar Masar da Habasha da Bahar Maliya, lalle tana da waɗanda suke auna mata dawa, suna ƙirga mata harsashi, suna rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Gidan da waɗannan mutane suka yi aiki a cikinsa shi ne Baitulmalin Umdurman, wanda a zamaninsa ya haɗa taska da sito da masana'anta da kamfanin ciniki a harabar gida ɗaya, kuma a ganina tarihin tashinsa da lalacewarsa ya fi tarihin yaƙe-yaƙen amfani ga duk mai riƙe da dukiyar jama'a.

Kafin a fahimci wannan gida sai an waiwayi abin da ya gada. Cikin 1820 Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar da sunan Sarkin Musulmi na Istanbul, ya tura runduna ƙarƙashin ɗansa Isma'ila ta haura Nilu, tana neman bayi da za a mayar soja da zinariyar da ake jin labarinta, kuma cikin 1821 daular Sinnar ta miƙa wuya. Hartum ta fara a matsayin sansanin soja, sa'an nan a zamanin Hurshid Basha ta zama babban birni mai gine-ginen tubali. Waɗannan masu mulki, da mutanen ƙasar ke kira Turkawa a dunƙule, sun zo da abubuwa iri biyu. Na farko haraji mai nauyi wanda ake karɓa da bulala, shi ne kuwa ya cika zukatan talakawa da ƙiyayya har suka amsa kiran Mahadi da sauri. Na biyu kuwa kayan aikin mulki ne: diwanai, da magatakarda waɗanda yawancinsu Kibɗawan Masar ne da suka gaji ilmin hisabi kaka da kakanni, da ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a bakin kogi, da jiragen hayaƙi, da wayar tangarahu, da injin ɗab'i. Jama'ar Mahadi sun tashi ne don kau da na farko, kuma da yawansu sun zaci na biyun ma zai tafi tare da shi.

Da'awar Mahadi a kan zuhudu aka gina ta. Ya sa mabiyansa, waɗanda ya kira Ansaru, su sa jibba mai faci-faci alamar sun juya wa duniya baya. Ya hana taba da giya da almubazzarancin biki, ya rage sadaki, ya soke harajin Turkawa, ya ce a koma ga zakka da ganima kamar yadda aka yi a Madina. Sai dai nasara ita ma tana da nata nauyi, domin da birnin Ubayyid ya faɗi cikin Janairu 1883, aka kuma hallaka rundunar Masar ta Hicks Basha a Shaikan cikin Nuwamba na wannan shekara, dukiya da bindigogi da bayi da dabbobi suka kwararo hannun mutanen da jiya-jiya ba su mallaki komai ba sai mashi da allo. Dole aka kafa Baitulmali, aka tsananta hukunci a kan gululu, wato ɓoye ganima kafin a raba, aka naɗa wani amintaccen abokin Mahadi mai suna Ahmad Sulaiman ya zama ma'aji. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan matsala, domin ita ce ta sami jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kusan shekara 80 kafin nan, har ta sa Malam Abdullahi na Gwandu ya bar sansani cikin ɓacin rai da nufin tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Shi kuma Shehu a Kitabul Farƙi ya lissafa halaltattun hanyoyin shigar Baitulmali don a bambanta su da zaluncin sarakunan da. Ba nesa ma abin yake ba, tun da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa daga Adamawa, kuma wani malami Bafillace daga ƙasar Sakkwato, Muhammadu Dadari, yana cikin masu faɗa a ji a fadar Umdurman.

Mahadi bai daɗe ba bayan cin Hartum, ya rasu ran 22 ga Yuni 1885, Halifa Abdullahi ɗan Muhammadu, mutumin kabilar Ta'aisha ta Larabawa makiyaya na kudancin Darfur, ya gaje shi. Ahmad Sulaiman ya riƙe taska irin riƙon mutumin kirki mai sakin hannu, yana ba wanda ya ga dama, musamman dangin Mahadi da ake kira Ashrafu, ba tare da wani daftari tsayayye ba. Saboda haka da saɓani ya tashi tsakanin Halifa da Ashrafu cikin 1886, abin da Halifa ya fara nema shi ne hisabi, da ma'aji ya kasa kawowa kuwa aka tuɓe shi. Babu shakka siyasa ce ta tuɓe shi, amma rashin lissafi ne ya ba siyasar ƙofa. Wanda aka ɗora a gurbinsa, Ibrahim Muhammad Adlan, bai yi suna a fagen fama ko a zauren karatu ba. Falke ne daga ƙasar Jazira, da ke tsakanin Nilun nan biyu, wanda ya yi ciniki a Ubayyid, ya san awo da ma'auni, ya san halin dillalai da madugai, ya kuma san cewa dukiyar da ba a rubuta ba ta riga ta fara ɓacewa. A wannan shekara ce kuma Halifa ya ba da umarni a tashi daga Hartum, aka kwashe mutanenta zuwa Umdurman, aka riƙa ɗebe tubalinta da ƙyamarenta ana ƙetarewa da su, ba a bar komai yana aiki a can ba sai ma'aikatar jiragen ruwa da lambuna.

Abin da Adlan ya fara yi, ga ido ƙarami ne, amma shi ya nuna irin tunaninsa: ya tashi Baitulmali daga tsakiyar gari ya mayar da shi bakin kogi. Kusan duk abin da ke shigowa Umdurman, dawa daga Jazira, dabino daga Dunƙula, itace da hauren giwa daga kudu, ta ruwa yake zuwa, saboda haka kowane taku tsakanin jirgi da sito asara ce ta lokaci da ladan 'yan dako, kuma dama ce ga ɓarawo. Ya kewaye babban fili da katanga, ya rarraba shi sashe-sashe, kowane da shugabansa da magatakardansa: ga wurin hatsi, inda waɗanda suka gani suka ce tsibin dawa kan yi tsayi har a hango shi daga nesa, ga garken raƙuma da shanu, ga ɗakunan tufafi da sauran kayan ganima, ga wurin buga kuɗi, ga ɗakin magani wanda wani likita Bamisire, Hasan Zaki, yake kula da shi, ga injin ɗab'i na dutse da aka ɗauko daga Hartum, wanda da shi aka riƙa buga Ratibin Mahadi, wato littafin addu'o'insa, da takardun sanarwarsa ana rarrabawa larduna. Har masana'antar sabulu ya kafa, hukuma ta riƙe yinsa da sayar da shi. Aka kuma gyara wayar tangarahu tsakanin Umdurman da ma'aikatar jirage a Hartum, don kada a riƙa tura manzo a kwalekwale saboda kowace ƙaramar magana.

Muhimmin abin da ya fi wannan shi ne mutanen da ya tara. Magatakardan tsohuwar gwamnati, Misirawa da Kibɗawa da 'yan ƙasa, waɗanda suka tsira daga takobi suna zaune cikin tsoro da talauci, Adlan ya neme su ya mayar da su bakin aiki, ya sa musu albashi, suka ci gaba da riƙe daftari bisa tsarin da suka saba da shi a diwanin Turkawa, da shafin shiga da shafin fita, da rasidi, da hatimi. Masu tsananin ra'ayi cikin Ansaru ba su so haka ba, domin a wurinsu waɗannan mutane ragowar mulkin kafirci ne, amma Halifa, wanda shi kansa ba mai zurfin karatu ba ne, ya fahimci cewa ba za a iya ciyar da gari mai mutum fiye da 100,000 da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba. Wannan ba bidi'a ba ce a tarihin Musulunci, domin lokacin da Sayyidina Umar ya kafa diwani, lissafin haraji a Sham da Iraƙi ya ci gaba a hannun tsofaffin ma'aikatan Rumawa da Farisawa, cikin harsunansu, har zuwa zamanin Abdulmalik ɗan Marwan. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magatakarda na Mahadiyya, Yusuf Mikha'il, ya rayu har ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda yanzu yake cikin muhimman shaidun wancan zamani. A larduna ma aka kafa rassan Baitulmali, kowane da amininsa, suna aiko da lissafi Umdurman.

Hanyoyin shigar dukiya sun fara da waɗanda shari'a ta sani: zakkar hatsi da ta dabbobi, da zakkar fid da kai wadda hukuma take tarawa da kanta, da humusin ganima, da dukiyar da aka ƙwace daga waɗanda aka yanke wa hukuncin tawaye. Amma ganima tana ƙarewa ranar da yaƙi ya daina ci gaba, kuma Adlan ya hango haka. Sai ya juya ga ciniki. Aka sa ushiri a kan hajar fatake. Aka mayar da jiragen ruwa da na fito mallakar Baitulmali, ana ba da su ijara ga masu tuƙi, su biya kuɗi sananne a shekara. Aka kuma keɓe wa hukuma manyan kayan da ƙasashen waje ke so, wato ƙaro na Kurdufan, da hauren giwa, da gashin jimina, da filasko: mai kaya ya kawo Baitulmali a saya a farashin da aka yanka, sa'an nan Baitulmali ya sayar wa fatake masu izinin kaiwa Sawakin ko Aswan, su komo da tufafi da sukari da turare. Akwai kuma fannin da bai kamata a rufe shi da kyakkyawar magana ba, shi ne cinikin bayi. Baitulmali yana da ɗakunan tsare su, yana sayar da mata da yara da takardar shaida mai hatimi, maza masu ƙarfi kuwa a shigar da su rundunar Jihadiyya masu bindiga. An hana fitar da su ƙasashen waje, don kada su ƙarfafa sojan Masar. Daftarin da ya ƙirga buhunan dawa shi ya ƙirga 'ya'yan Adamu, yawancinsu daga duwatsun Nuba da ƙasashen kudu, kuma kyan tsari bai rage komai daga munin wannan ba.

Masana'antun yaƙi su ne inda dabarar tattali ta fi bayyana, saboda an toshe wa daular hanyar sayen makamai. Bindigogin Remington da aka kama daga sojan Masar suna da yawa, amma bindiga ba harsashi sanda ce. Don haka aka riƙa tsince kwanson da aka harba ana sake cika shi, ana neman darma duk inda take, ana tace gishirin albarushi daga ƙasa a wurare irin su Halfaya. Wani Bajamushe fursuna, Charles Neufeld, an fito da shi daga kurkuku an sa shi wannan aiki na tacewa, wani mutumin Girka kuma ya riƙa haɗa albarushi har ranar da wurin ya yi bindiga ya hallaka shi cikin 1891, daga nan aka mayar da aikin tsibirin Tuti, nesa da gidajen mutane. Abin da aka gama sai a kai Baitul Amana, babban ma'ajin makamai a tsakiyar gari. A Hartum kuwa, tsofaffin injiniyoyi da maƙera na zamanin Turkawa suka ci gaba da lallaɓa jiragen hayaƙin da aka gada, irin su Burdain, suna cire ƙarfe daga wanda ya mutu su sa wa mai sauran rai, ana hura tukunyarsu da itacen bakin kogi, har suka yi shekara 13 suna kai soja da hatsi a kan Nilu ba tare da an sayo musu ko ƙusa daga Turai ba. Tufafin runduna kuma daga kaɗin mata da saƙar masaƙan ƙasar ya fito, farin ƙyallen auduga da suke kira damur.

Kasuwar Umdurman ita ma an tsara ta layi-layi bisa sana'a, mahauta a gefe, masu hatsi a gefe, maƙera da dukawa da masu tufafi kowa da rumfunansa, mata da nasu sashe dabam, akwai shugaban kasuwa da 'yan doka da alƙali mai yanke hukunci nan take. A tsakiyarta kuma aka kafa gumagumai na rataye masu laifi.

Jarrabawar wannan tsari ta zo a shekarar 1306 ta Hijira, wadda ta fara cikin Satumba 1888, wadda kuma har yau mutanen Sudan suke ambatonta da Sanat Sitta. Damina ta yi gardama, kogi bai cika ba, daga baya fara ta biyo ta cinye abin da ya saura. Fari daga Allah yake, amma yunwar da ta biyo baya akwai hannun mutum a cikinta, domin an riga an kwashe manoma an kai su sansanonin yaƙi uku, ɗaya a Gallabat yana fuskantar Habasha, inda aka kashe sarkinta Yohanna cikin Maris 1889, ɗaya a gabas tare da Usman Diƙna, ɗaya kuma a Dunƙula tare da Abdurrahman Nujumi, wanda aka tura shi Masar da mayaƙa masu jin yunwa aka hallaka su a Tushki cikin Agusta 1889. A tsakiyar wannan hali ne kuma Halifa, don ya ƙarfafa mulkinsa da danginsa, ya tilasta wa Ta'aisha su yi hijira daga Darfur zuwa Umdurman, dubban mutane da iyalansu, waɗanda ba su shuka ba kuma dole a ciyar da su. Aka umarci Baitulmali ya tattaro hatsin Jazira ya sayar musu ardabi ɗaya, wato babban ma'auninsu na hatsi, a kan riyal 6, alhali a kasuwa ya kai riyal 40 har ya wuce. Mutanen ƙauyuka suka kwararo birni suna neman abin da za su sa a baki, suka riƙa mutuwa a kan tituna da bakin kogi, garuruwa da dama a arewa da gabas suka zama kufai.

Adlan bai ɓoye ƙin wannan rabo ba. Shi ɗan Jazira ne, ya san abin da ke cikin rumbunan mutanenta da abin da za su iya bayarwa su kuma rayu har su sake shuka, kuma an ce ya sassauta musu wajen tara hatsin, ya kuma riƙa jan ƙafa wajen biyan buƙatun manyan Ta'aisha. Wannan ya haɗa shi da Yaƙubu, ɗan'uwan Halifa kuma shugaban rundunar Baƙar Tuta, mutum na biyu a daular, wanda da ma yana ganin ma'ajin ya yi ƙarfi da farin jini fiye da kima. Aka tara masa tuhume-tuhume, har da cewa yana da hulɗa da Masar, aka kama shi, aka ƙwace dukiyarsa, aka rataye shi a kasuwa cikin Janairu 1890. Waɗanda suka ba da labarin sun ce ya taka zuwa wurin da ƙafarsa ba tare da raki ba. Ba na cewa Adlan waliyyi ne, domin shi ya ƙirƙiro yawancin hanyoyin tatsar fatake da aka yi kuka da su, kuma shi kansa ya tara abin duniya. Amma shi ne mutum na ƙarshe a wannan gida da yake da nauyin da zai dubi mai mulki ya ce masa abin da ke cikin sito bai kai abin da ake nema ba, kuma waɗanda suka biyo bayansa, tun daga Nur Ibrahim Jiraifawi, sun ga abin da faɗin haka ya jawo.

Bayan mutuwarsa aka farfasa Baitulmali. Babbar taska ta jama'a ta saura da sunanta, amma aka yanke mata mafi kyawun hanyoyin shigarta: aka kafa taskar Mulazimai, wato dakarun tsaron Halifa da ɗansa Usman Shaihuddin yake shugabanta, aka ba ta amfanin ƙasar Jazira, aka kafa taskar humusi ta Halifa shi kansa, aka kafa ta masana'antun yaƙi da jirage, wadda take ci daga lambunan Hartum da hauren giwa, har 'yan dokan kasuwa suka sami tasu, daga tarar masu shan taba da giya. Wanda ya dubi wannan daga nesa zai ce rabon aiki ne, kowace buƙata da asusunta, amma haƙiƙaninsa shi ne kada a sake samun ma'aji guda wanda ya san jimillar dukiyar ƙasa. Da babbar taska ta rasa abin biyan bukatunta, sai ta koma ga kuɗin da take bugawa. Fam na zinariya da aka buga a zamanin Mahadi yana da kyau ƙwarai, shi ya sa ma ya ɓace daga kasuwa, mutane suka adana shi. Riyalin Halifa mai suna Maƙbul ya fara da azurfa mai yawa, sa'an nan aka riƙa ƙara masa tagulla bugu bayan bugu, kamar mai tallar nono da ke ƙara ruwa kowace safiya tana zaton masu saye ba su da harshe, har ya zama jan ƙarfe da aka shafa wa azurfa. Fatake suka koma ga riyalin Majidi na Turkawa da na Mariya Tereza, farashi ya rabu biyu, hukuma ta yi ta shelar cewa wanda ya ƙi karɓar kuɗinta za a ƙwace hajarsa, amma bulala ba ta taɓa mayar da tagulla azurfa ba.

Ushiri ma ya tashi daga ɗaya bisa goma ya zama ana karɓarsa a tasha bayan tasha, a hanyar Sawakin, da Barbar, da Umdurman, har kaya ɗaya ya biya sau da yawa kafin ya isa rumfa. Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a Tushki aka kama shi, ya komo ya shiga fataucin ƙaro zuwa Sawakin, daga baya kuma ya kafa makarantar 'yan mata ta farko a Rufa'a cikin 1907, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, irin dabarun da shi da abokansa suka riƙa yi don kauce wa masu karɓar ushiri. Idan mutum mai imani da Mahadi irin wannan ya zama ɗan fasa-ƙwauri, to laifin ya wuce na mutum ɗaya. Ibn Haldun ya riga ya yi bayani a Muƙaddima, shekara 500 kafin nan, cewa shigar mai mulki cikin ciniki tana cutar da talakawa tana kuma rage harajin da shi kansa yake samu.

Adalci ya wajaba a nan, domin yawancin abin da duniya ta fara ji game da wannan zamani daga bakin fursunonin Turawa ya fito, Fada Ohrwalder da Slatin Basha, kuma littattafansu sun bi ta hannun Wingate, shugaban leƙen asirin sojan Masar, wanda yake da bukatar a ga daular a matsayin dabbanci tsantsa don a halatta yaƙarta. Takardun Mahadiyya da kansu, waɗanda aka kwashe bayan yaƙi, masana irin su Holt da Muhammad Ibrahim Abu Salim da Muhammad Sa'id Ƙaddal suka bincika, sun nuna hukuma mai rubutu da bin diddigi fiye da yadda aka zata. Sun kuma nuna Halifa ya ɗauki darasi daga yunwar, ya mayar da mutane gona, ya buɗe hanyoyin fatauci, har hatsi ya yi araha a shekarun da suka biyo. Abin da bai iya gyarawa ba shi ne tazarar da ke tsakanin masana'antar da ke cika tsohon kwanso da hannu da masana'antun Ingila. Kitchener, shugaban rundunar Ingila da Masar, ya ci Sudan da hanyar jirgin ƙasa kafin ya ci ta da bindiga: ya shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad cikin 1897, ya kai Atbara cikin 1898, yana kawo soja da abinci da jiragen yaƙi guntu-guntu ana haɗawa a bakin kogi. Ran 2 ga Satumba 1898 a Karari aka kashe Ansaru wajen 11,000 cikin safiya ɗaya, a ɓangaren Kitchener kuwa mutum 48. Injiniyan da ya shimfiɗa wannan dogo, Percy Girouard, shi ne ya gaji Lugga a mulkin Nijeriya ta Arewa cikin 1907, ya fara dogon Baro zuwa Kano. A wannan zamani ne kuma aka fara taskar En'e a Katsina, a sarautar Muhammadu Dikko, aka kuma kira ta da wannan suna na Baitulmali.

Ginin Adlan ya rushe, amma unguwar da yake har yau Baitul Mal ake kiranta, kusa da unguwar Mulazimin, da Maurada inda jirage ke sauke kaya, da Abu Rauf ta masu sassaƙa jirgi, da Masalma inda zuriyar magatakardan Kibɗawa suka zauna. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya yi wa waɗannan tsofaffin unguwanni da babbar kasuwa da gidan Halifa mummunar ɓarna. Iyalin Mahadi kuwa ta hanyar noma da ciniki suka farfaɗo. Ɗansa Sayyid Abdurrahman, wanda aka haifa bayan rasuwar uban cikin 1885, ya tashi cikin talauci ƙarƙashin idon Turawa, aka ba shi izinin noma a tsibirin Aba cikin 1908, ya fara da sayar wa gwamnati itacen jiragen ruwa, ya sami kwangila lokacin gina madatsar Sinnar wadda aka gama cikin 1925, sa'an nan ya shiga noman auduga da injin ban ruwa a gaɓar Farin Nilu. Ma'aikatansa Ansaru ne daga yamma, cikinsu har da Hausawa da Fulani masu bin hanyar hajji da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da yawansu abinci da tufa da albarkar Sayyid suka karɓa a madadin cikakken lada. Da wannan dukiya ya riƙe jam'iyyar Umma da aka kafa cikin 1945, da ita kuma ya sake gina ƙubbar mahaifinsa cikin 1947, wadda igwar Kitchener ta rushe.